Marubucin Bakin Iyaka da Gasar Ƙagaggun Labarai

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta yi yamma zuwa Jibiya, ya tsaya a Magama inda hanya ke karkata arewa ta shiga ƙasar Nijar ta Ɗan Isa har Maraɗi, ya ga manyan motoci jere suna jiran a duba takardunsu, ga 'yan canji riƙe da naira da sefa, ga 'yan dako da 'yan kamasho da mata masu tuwo, ba lalle ne tunaninsa ya kai ga cewa a cikin wannan hada-hada akwai samari da 'yan mata waɗanda in dare ya yi sukan ɗauki alƙalami, ko kuwa wayar hannu, su duƙufa ga tsara labari ba. Alhali kuwa akwai su, kamar yadda suke a kowane gari na ƙasar Hausa a yau, kuma mas'alar da ta fi damun yawancinsu guda ce: in an yi shelar gasar rubutu, shin su shiga, ko kuwa wannan fage ne na mutanen Kano da Zariya da Kaduna, waɗanda ke kusa da jami'o'i da maɗaba'u? Abin da nake gani shi ne su shiga, kuma su shiga da labarin wurin da suke zaune, kuma hujjata a kan haka tana cikin tarihin gasar kanta.

Ƙagaggen labari na Hausa a rubutun boko, in aka bi asalinsa, gasa ce ta haife shi. A shekarar 1933 Dokta Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya ga makarantu sun fara yaye masu iya karatu amma babu abin da za su karanta don nishaɗi, sai ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai masu ɗan tsawo, na kimanin kalmomi 20,000, a zaɓi waɗanda suka fi a buga. Aikin bai zo masa da sauƙi ba, domin malaman wannan zamani, waɗanda suka tashi a kan fiƙihu da nahawu da waƙoƙin wa'azi, suna ganin alƙalami ya fi ƙarfin a ɓata tawadarsa wajen ƙaga abin da bai auku ba, tatsuniya kuwa a wurinsu aikin tsofaffin mata ne da yara bayan sallar isha'i. Duk da haka wasu suka amsa, aka sami littattafai biyar waɗanda har yanzu ake karantawa a makarantu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

Ya kamata matashin Jibiya ya tsaya ya yi nazarin wannan jeri da kyau. Abubakar Imam, sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, saurayi ne ɗan shekara 22 yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ba shi da suna a fagen talifi, ba kuwa wanda ya riga shi bin wannan hanya balle ya koya daga gare shi; abin da yake da shi kawai shi ne karatun da ya yi na littattafan Larabci, musamman Maƙamatul Hariri wadda ya ɗauki salon yawon duniya da wayon zance daga gare ta, da kuma kunnen da ya saba da hirar Hausawa. Gasar nan ce ta sa East ya san shi, har ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya inda ya rubuta Magana Jari Ce, daga nan kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya gina farkon Ganɗoki a kan yaƙin da Turawa suka yi da Kwantagora, abin da ya faru a ƙasarsu yana yaro. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya ɗauko zancen bauta da fataucin bayi ta hamada, wanda a lokacin akwai sauran tsofaffin da suka gan shi da idonsu. Kowannensu da abin da ke kusa da shi ya yi aiki.

Bayan wannan an daɗe ba a sake yin wata gasa mai irin wannan tasiri ba, sai a ƙarshen shekarun 1970 da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya shirya tasa, aka buga littattafan da suka ci a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wadda da shi ta zama mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari na Hausa, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ba da jimawa ba Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya yi tasa gasar, littattafanta suka fito a 1982, a cikinsu akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da kuma Turmin Danya, na Sulaiman Ibrahim Katsina har wa yau. A kan wannan na ƙarshe nake so mai karatu na bakin iyaka ya dakata, domin jigonsa shi ne fasa-ƙwauri da cin hanci da yadda attajiri ke sayen mutane da dukiyarsa, wato ainihin zancen da ake yi a tasha da majalisun dare a garuruwan kan iyaka. Marubucin bai ga cewa wannan zance ya yi ƙasƙanci da shiga littafi ba, alƙalan gasa kuma ba su ga haka ba.

A zamaninmu gasar da ta fi shahara ita ce Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai. Wadda ta fara lashe ta Bakatsiniya ce, Aisha Muhammad Sabitu, da labarinta Sansani, a kan rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A 2022 kuma kambin ya tsallaka iyaka, Amira Souley daga Maraɗi ta ɗauke shi da Garar Biki, labarin da sunansa kaɗai ya isa ya nuna cewa daga cikin al'adar gidajenmu aka ɗebo shi. Ga Katsina a wannan gefe, ga Maraɗi a wancan, Jibiya kuwa tana tsakaninsu a kan hanya ɗaya. Masu dogon labari su ma ba a bar su ba, don Cibiyar Gusau da ke Kaduna takan shirya gasar littattafan Hausa, kuma kafin ita an yi kyautar tunawa da Injiniya Muhammadu Bashir Ƙaraye, wadda Ibrahim Sheme ya ci a 2007 da 'Yartsana.

To, me ɗan Jibiya zai rubuta? A nan ne abin yake ba ni takaici, domin sau da yawa sai ka ga matashi ya bar abin da Allah ya ajiye masa a ƙofar gida, ya tafi ƙago attajirin Abuja da jirgin sama da asibitin ƙasar waje, wuraren da bai taɓa takawa ba, labarin ya fito ba gishiri. Alhali a gabansa aka rufe iyakar nan a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata gefen. Ya san abin da wannan ya yi wa direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha, ya san gidan da uwa take Maraɗi 'ya take aure a Jibiya, biki ko rasuwa ta taso a rasa hanyar zuwa sai ta daji. A gabansa ambaliyar watan Yuli na 2018 ta ci rayuka da gidaje cikin dare ɗaya. Ya ga mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin gari suna gudun 'yan bindiga, wasu sun tsallaka Nijar, ya ga kasuwar Lahadi a cikarta da kuma ranar da ta kwanta, yanzu kuma yana ganin aikin hanyar jirgin ƙasa da za ta taso daga Kano ta bi ta Katsina da Jibiya ta dire Maraɗi. Bayan duk wannan akwai tsohon tarihi, tun daga lokacin da sarakunan Haɓe na Katsina suka yi hijira arewa bayan jihadi suka kafa Maraɗi, abin da ya sa har gobe dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Marubucin da ke zaune a Kano sai ya yi tattaki da tambaya kafin ya sami kaɗan daga abin da yaron Magama ya sani tun yana tallar ruwa.

Sai dai sanin abu daban, iya mayar da shi labari daban, kuma a nan ne ladubban shiga gasa suke. Na farkonsu shi ne karanta sharuɗɗa da natsuwa irin wadda ɗalibi ke karanta matani a gaban malaminsa, domin labarai da yawa ba sa ma isa hannun alƙalai, tun a matakin tacewa ake ajiye su saboda sun saɓa wa ƙa'ida. In an ce kalmomi 1,000 zuwa 1,500, kamar yadda Hikayata ta saba nema, to wanda ya aika 2,000 ya fitar da kansa da kansa, komai daɗin labarinsa. In an ce kada labarin ya taɓa fitowa a wani wuri, to wanda ya riga ya watsa shi a Facebook ko WhatsApp ya sani ya fito. Gajeren labari kuma ba dogon labari ne da aka datse ba: mutum ɗaya, matsala ɗaya, lokaci ƙanƙane, sun ishe shi. Wanda ke da labarin zuri'a uku, ya jira gasar littafi.

Sa'an nan ƙa'idojin rubutu, waɗanda su ne suka fi kayar da masu hazaƙa. Alƙalan gasa galibi malaman harshe ne da marubuta, idonsu kuwa ba ya tsallake ƙ da ɗ da ɓ da aka rubuta ba lanƙwasa, ko kalmomin da aka haɗe inda ya kamata a raba, ko zancen mutum da aka bari ba alamar buɗewa da rufewa. Ga mutumin bakin iyaka akwai ƙarin mas'ala, ita ce ta karin harshe, domin Hausarsa Katsinanci ce da ta cuɗanya da ta Maraɗi, har da kalmomin da suka shigo ta Faransanci. Shawarata ita ce ya riƙe daidaitacciyar Hausa a bakin mai ba da labari, amma in ɗan duwan ko jandarma ko tsohuwa 'yar Madarunfa za su yi magana, ya bar su su yi ta da harshensu, gwargwadon yadda Bakano ko Bazazzagi zai fahimta ba tare da ya nemi mai fassara ba. Wannan ba aibi ba ne, ado ne wanda wani ba shi da shi, muddin an sa shi da awo.

Akwai kuma amana, ta fuska biyu. Ta farko ita ce kada ya ɗauki aikin wani ya sa sunansa, ko ya juya fim ɗin Indiya ya ce ƙirƙirarsa ce. Koyi da magabata halal ne, Imam ma ya yi, amma ya narka abin da ya koya har ya zama na Hausa. Ta biyu ta fi nauyi ga mai rubutu a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa: wanda zai rubuta labarin fasa-ƙwauri, ko na matar da aka sace aka yi fansarta, wajibi ne ya sauya suna da kama da unguwa har ba mai iya nuna wani gida da yatsa, saboda tsare mutuncin bayin Allah waɗanda musiba ta riga ta ishe su, da kuma tsare kansa. In ya gama, kada ya aika da zafinsa. Ya ajiye shi kwanaki, ya sake bita, ya karanta shi da ƙarfi don kunne yakan kama abin da ido ya tsallake, sa'an nan ya ba wani malamin Hausa ko marubucin da ya girme shi, wanda ba zai ji nauyin gaya masa gaskiya ba.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa ba kowace shela ce gasa ba. In aka nemi kuɗin shiga masu yawa alhali ba a bayyana alƙalai ba, ba a san waɗanda suka ci a baya ba, to a yi hattara. A duba kuma abin da sharuɗɗa suka ce game da haƙƙin mallaka: shin labarin yana nan na mai shi bayan gasa, ko ya koma hannun masu shiryawa, kuma in za a buga shi ko a mayar da shi fim, da izinin wa, kuma wa zai amfana? Matashi mai ɗokin ganin sunansa yakan sa hannu bai karanta ba, ya zo yana nadama bayan shekaru.

Ranar da sakamako ya fito, mutum uku ne galibi za a kira, sauran ɗaruruwa kuwa su ji shiru, kuma a nan ne da yawa suke ajiye alƙalami, wasu har su shiga zargin alƙalai da son kai. Hukuncin alƙalai ijtihadi ne na mutane 'yan kaɗan a kan labaran da suka zo gabansu a shekara guda, yana iya dacewa, yana iya kuskurewa, bai kuwa rufe ƙofar shekara mai zuwa ba. A Hikayata ma, ban da ukun farko, akan ware wasu labarai 12 da suka cancanci yabo a karanta su a rediyo, su shiga kunnen masu sauraro daga Katsina har Damagaram. Wanda bai sami ko wannan ba, ya fita da labari kammalalle wanda wa'adin gasa ne ya tilasta masa gama shi, yana iya gyara shi ya kai wata gasar, ko ya faɗaɗa shi ya zama littafi. Sulaiman Ibrahim Katsina, bayan ya ci gasa sau biyu, bai zauna jiran ta uku ba, a 1983 ya fitar da Tura Ta Kai Bango.