'Yargoje, 'Yar Sarkin da Ta Hau Gadon Zamfara

Duk wanda ya bar Gusau ya bi ta Magami ya nufi Ɗansadau, ƙasar Kuyambana ya dosa. Yau ba a cika jin sunan dajin Kuyambana a rediyo ba sai tare da labarin 'yan bindiga, amma a bakin masu ba da tarihin Zamfara, nan ne sarauniya 'Yargoje ta zauna ta yi mulki.

Tushen sarautar Zamfarawa yana Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu. Jerin sarakunan farko ya soma da Dakka, ya bi ta kan Jatau da Jimir Dakka da Kokai Kokai da Dudufani, sannan aka zo kan mace, 'Yargoje, wadda wasu ke kira Algoje. Bajamushen nan Kurt Krieger, da ya wallafa tarihin Zamfara a 1959, ya kawo ta cikin jerin. Ruwaya ta ba ta shekara 40 a kan gado, daga 1310 zuwa 1350. Lissafi ne na baka, a riƙe shi da sassauci. Abin lura shi ne maroƙan fada, waɗanda sana'arsu ke nan haddace sunayen sarakuna, ba su tsallake ta ba, ba su kuma mayar da ita namiji ba.

Me ya ba ta gado? Jini ne da farko, domin 'yar gidan ce, ba aure ya kawo ta ba. Na biyu kuwa, ana cewa ita ce shugabar bori a ƙasar, a zamanin da neman ruwan sama da lafiyar gari da sa'ar yaƙi duk ta wannan hannun ake bi. Wadda ta haɗa jinin sarauta da wannan iko, da wuya wani yarima ya ja da ita. Har yanzu akwai fitilar ƙarfe da ake jingina mata cikin kayan tarihin jihar Zamfara.

Ba ita kaɗai ba ce. Daura na da jerin sarauniyoyinta har zuwa Daurama, Zazzau na da Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri. Sai dai a hankali aka janye 'ya'ya mata daga kan gadon, aka ba su kujera a gefensa: Magajiya a Daura, Iya a Katsinar Maraɗi, Inna a Gobir. Kada a raina kujerar nan. Innar Gobir 'yar gidan sarauta ce mai fadarta da mabiyanta, tana riƙe gari idan sarki ya fita yaƙi.

Bayan jihadin 1804 bori ya rasa gindin zama a fadojin ƙasashen da jihadin ya ci, ikon da ke tattare da shi ya ragu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta san nauyin sarautar Inna a idon mata, shi ya sa da ta kafa ƙungiyar mata ta 'yan taru ta riƙa naɗa wa jagororinsu, wato jaji, malfa irin ta Inna, ta tura su ƙauyuka su koyar da karatu. Malfar ta tsira, amma neman gado bai dawo ba: a Anka, inda Sarkin Zamfara yake zaune yau, idan gado ya faɗi, sunayen 'ya'ya maza kaɗai ake kai wa masu zaɓen sarki.