Tsofaffin Kalmomin Turanci A Cikin Littafi Mai Tsarki

 A gidajenmu da yawa, iyaye suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, 'ya'ya kuma da Turanci, sa'an nan a bayyana wa kaka da yaren gida. In yaro ya ɗauki kalma a karkace, dukan gidan zai bi shi. Saboda haka yau za mu duba waɗansu kalmomi na fassarar Sarki Jemis na Ingila, wadda aka buga a shekara ta 1611. Turancin wancan zamani ya sha bamban da na makarantunmu.

Ta fari ita ce "prevent". Yau ma'anarta hanawa ce, amma a dā tana nufin a riga wani. A 1 Tasalonikawa 4:15 Bulus yana ta'azantar da masu makoki cewa mu da muke da rai ba za mu riga waɗanda suka yi barci ba. "Let" kuwa akasin haka ce: yau tana nufin bari, amma a Romawa 1:13 tana nufin an hana Bulus zuwa.

Ta uku ita ce "conversation". Kowane ɗalibi zai ce hira ke nan. Amma a 1 Bitrus 3:1 ma'anarta halin zaman mutum. Ku lura da wannan, mata. Bitrus yana cewa a rinjayi miji marar ba da gaskiya ta wurin hali nagari, ba da yawan magana ba. Wanda ya fassara ta da hira ya juya koyarwar gaba ɗaya.

Haka kuma "suffer" a Markus 10:14 ba shan wahala ba ne. Yesu yana cewa a ƙyale yara su zo wurinsa. "Charity" a 1 Korintiyawa 13 ƙauna ce, ba sadaka ba. "Meat" abinci ne kowane iri, shi ya sa hadayar Littafin Firistoci sura 2 ta gari ce da mai. "Corn" hatsi ne kamar alkama, gama masara daga Amurka ta fito, ba a san ta a ƙasar Isra'ila a lokacin ba.

Akwai kuma abin da mai jin Hausa zai gane da sauri. "Thou" da "thee" na mutum ɗaya ne, wato kai ko ke. "Ye" da "you" kuwa ku ne. A Yahaya 3:7 Yesu yana magana da Nikodimu shi kaɗai, amma da ya zo kan sāke haihuwa sai ya ce ku, wato dukanmu.

Me za mu yi ke nan? Tun shekara ta 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A lokacin sujadar iyali, mu buɗe shi kusa da na Turanci, mu gwada aya da aya. In kalma ta yi wuya, mu tambayi fasto ko malamin makarantar Lahadi kafin mu koyar. Allah ya ba mu fahimta. Amin.