Masai a Cikin Teku: Wanne Za Ka Saya Idan Tsohon Ya Gaji?

Yau shirin namu zai leƙa wani lungu na jirgin ruwa da ba a zancensa sai ranar da ya lalace, wato banɗaki.

Kada wani ya yi dariya. Ranar 14 ga Afrilun 1945, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin teku, U-1206, yana kusa da gaɓar Sikotilan, sai aka yi kuskure wajen buɗe bawul ɗin masai. Ruwa ya kwararo kan batura, iska mai guba ta tashi, dole jirgin ya taso sama, jiragen saman Birtaniya suka far masa. Ƙarshenta ma'aikatansa da kansu suka nutsar da shi.

To, masan ƙananan jirage bai kai wancan sarƙaƙiya ba, amma haɗarin iri ɗaya ne. Da hannu ake buga famfonsa. Tiyo guda mai faɗin milimita 19 yana jawo ruwan teku, wani mai milimita 38 yana fitar da ƙazanta zuwa tanki ko waje. Ka ga ke nan ƙofa biyu aka huda a jikin jirgin, kuma sau da yawa masan yana zaune ne ƙasa da saman ruwan teku.

Idan ya fara yoyo, ko abin da ka tura yana dawowa, kada ka yi saurin zuwa kanti. Galibi wata 'yar roba ce a bakin mafita, mai hana ƙazanta komowa, ta saki. Kuɗinta kaɗan ne. Wari kuwa, tiyo ne ya fi jawo shi: naɗa tsumma mai ɗumi a jikinsa, in ya huce ka sansana. In tsumman ya ɗauki wari, tiyon za ka canza.

Amma mu ce famfon ya tsage, gyara ya ƙi. Wanne za ka ɗauka?

Jabsco shi ne ruwan dare a tashoshin Turai. Yana da araha, kayan gyaransa na nan kusan ko'ina, kuma in famfon ya mutu, sukurori huɗu kawai za ka kwance ka ɗora sabo. Aibinsa, roba ce, ba ya jure dogon wahala. Raritan PHII na Amurka ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi tsada. Sai Lavac, wanda Ingila ta fito da shi, kuma aikinsa daban ne: ka rufe murfi, ka buga famfon da ke manne a bango, iska ta zuƙe, ruwan wanki ya shigo da kansa. Da wuya ya toshe. Sai dai murfin ba ya buɗuwa nan take, sai ka ɗan jira, kuma baƙo in ba a nuna masa ba, zai yi ta kokawa da shi.

Ni dai, da ni ne, kafin in tambayi suna sai in ɗauki ma'auni. Ramukan ƙusa na tsohon sun dace da na sabon? Famfon dama yake ko hagu, gwiwar hannu za ta samu wurin motsi? Ƙofa za ta rufu? Sannan babbar tambaya: a tashar da kake ajiye jirgi, Legas ce, Tema ce ko Port Sudan, robar wanne ake samu? Masai mai tsada da babu kayan gyaransa, bokiti ya fi shi amfani.

Wajen ɗaurawa ne ake asarar jirgi. In masan yana ƙasa da saman ruwa, dole tiyo ya yi gwiwa sama da ruwan da aƙalla santimita 20, ko da jirgin ya karkata, da ɗan bawul mai shigar da iska a ƙoli. In babu wannan, teku zai yi ta tsotsowa cikin kwano har ya cika ya tumbatsa, kana barci.

Fitsari in ya haɗu da ruwan gishiri, daskarewa yake yi kamar dutse a cikin tiyo har ya toshe shi. Shi ya sa Jabsco ke cewa a buga famfo sau 7 ga kowace mita ta tiyo. Mu masu tsarki da buta mun huta da matsalar takarda, wadda ke yawan toshe wa Turawa nasu.

Ka kuma san dokar ruwan da za ka shiga. Amurka ta hana zubar da ɗanyar ƙazanta cikin mil 3 daga gaɓa, Holan ta hana ƙananan jiragen shaƙatawa zubarwa a ruwanta tun 2009, Suwidin ta bi sahu a 2015. Can, sai da tanki.

Mai sauraro, sayi wanda za ka iya gyarawa da hannunka, ka riƙe robar canji a akwati, kuma duk sanda za ka bar jirgi, rufe bawul ɗin ƙofofi biyun nan da aka huda a jikinsa.