TAFIYA ZUWA BAKIN TEKU: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Kowace shekara in kaka ta yi, aka gama yankan dawa aka ɗaure dammuna, mutane da yawa na ƙasashen Bichi da Dambatta da Minjibir da Dawakin Tofa sukan yi haramar tafiya Kudu. Waɗansu fatauci ke kai su, waɗansu cin rani, amma yanzu har akwai masu zuwa domin hutu da buɗe ido kawai, su ga teku su komo. Tun da yake a ƙofar hakimi da dagaci talakawa kan nemi shawara, ya kamata shugabanni da malamansu su san abin da za su gaya wa mai niyya.

Hanyar nan ba sabuwa ba ce ga Kanawa. Agalawa da Tokarawa sun daɗe suna safarar goro daga Gwanja, sa'an nan ciniki ya karkata zuwa gaɓar teku. Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu cikin 1955, ya zauna a Ankara ta ƙasar Gana yana aika goro Ikko ta jirgin ruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya mai da tafiyar watanni ta zama ta kwanaki. Nisan kuwa wajen mil 700 ne ta hanyar dogo. Yau mai mota yakan yini ya kwana bisa hanya, mai jirgin sama kuwa sa'a ɗaya da rabi ta ishe shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan sama na Ikko ya kusa ninka na Kano, yana kuwa farawa tun Kano na cikin bazara. Yakan yi ƙarfi ƙwarai cikin Yuni, ya sassauta cikin Agusta, ya komo cikin Satumba da Oktoba. Har wa yau rani shi ne lokacin da manomi ke da sarari. Amma a tuna, gonakin arewacin Kano ba a barinsu su huta, taki ne ke riƙe da su. Wanda zai tafi, sai ya bar wanda zai kai taki gona, ya kuma komo kafin ruwan shuka.

Zafin bakin teku dabam yake da namu. Rana ba ta kai ta bazarar Kano ƙuna ba, amma iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, dare ma ba ya sanyi sosai. Tufafin auduga marasa nauyi sun fi, babbar riga kuwa a ajiye ta don Jumma'a. Sauro ba ya yankewa rani da damina, saboda haka gidan sauro wajibi ne, wanda ya ji zazzaɓi kuma ya nufi asibiti nan da nan.

Babban abin da ake so hakimai su ja kunnen jama'a a kansa shi ne ruwan kansa. Saurayin da ya koyi iyo a kududdufi, ko a madatsar Tomas ko ta Watari, yakan ɗauka ya san ruwa. Teku ba haka take ba. Ruwan madatsa a kwance yake, na teku kuwa ba ya tsayawa ko da ƙiftawar ido. Sau biyu cikin yini da dare takan ciko ta janye, bisa ga jan da wata ke yi mata, kowace rana kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Inda mutum ya shimfiɗa tabarma da hantsi, ya yiwu ruwa ya rufe shi da la'asar. Gaɓar Ikko tana fuskantar Tekun Atlantika sosai, babu abin da ya tare, don haka raƙuman ruwa ke zuwa da ƙarfi, su doke mutum ya faɗi, su kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Mafi haɗari duka shi ne wata igiya da ba a cika ganinta ba. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa tilas ya koma, sai ya taru ya sami kwari cikin yashi ya bi da gudu zuwa tsakiya, kamar yadda ruwan sama ke bin kwazazzabo. Abin mamaki, wurin yakan yi lumui, raƙuma ba su fashewa a kansa, shi ya sa baƙo ke zaɓensa. Wanda ta ɗauka, in ya ce zai yi kokawa da ita ya komo ta inda ya shiga, ƙarfinsa ne zai ƙare ya nutse. Dabara ita ce ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi, ya yi iyo a kaikaice bisa tsawon gaɓa har ya fita daga bakinta, domin ba ta da faɗi sosai. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa idon sawu, yara kuwa a riƙe hannunsu. In wani ya faɗa, a kira masunta ko masu tsaron gaɓa, a jefa masa abin da ba ya nutsewa. Sau da yawa mai ceto ne ke bin wanda ya je ceta.

Dattawan da suka san Ikko da can za su ambaci Bar Beach. To, wannan wuri an cike shi da yashi, an ɗora sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Yanzu sai a nufi wajen Lekki, inda galibi ake biyan kuɗin shiga, ko Tarkwa Bay, wadda ake zuwa cikin jirgin ruwa. Kada a shiga jirgin sai da rigar hana nutsewa, kada kuma a yarda da tafiyar dare.

Mai son tarihi ya je Badagry, wajen mil 40 yamma da Ikko, kusa da iyakar ƙasar Binin, garin kwakwa da masunta, mazaunin Egun. Daga nan Clapperton ya tashi cikin Disamba 1825, bai iso Kano ba sai Yuli 1826. A nan ne kuma tsibirin Gberefu yake, inda aka riƙa ɗora bayi cikin jiragen Turawa. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa ta yamma har da Hausawa, aka kai su Bahia ta ƙasar Barazil. Ba wurin wasa da shewa ba ne.

Game da addini babu wahala. Ruwan teku, duk da gishirinsa, mai tsarki ne, ana alwala da shi, abin da aka kamo cikinsa kuma halal ne, har ƙaguwa da jatan lande, ko da yake baƙon ciki ya fara da kaɗan. Shansa ne ba a yi, ƙishirwa yake ƙarawa. Teku tana kudu, watau mai salla ya bar ta a hannun dama, ya ɗan karkata arewa. Musulmi suna da yawa cikin Yarabawa, masallacin Shitta-Bey ma tun 1894 aka buɗe shi.

Yarabawa mutane ne masu girmama gaisuwa da shekaru, wanda ya fara gaishe su ya sami rabin biyan bukatarsa. Baƙo zai ga shigar da bai saba gani ba a bakin ruwa, da dodannin gargajiya irin su Zangbeto. Ya kau da kai ya wuce, kada ya yi tsaki ko nuni, kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini. Ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a jikinsa, ya raba kuɗinsa wuri biyu. Masauki kuwa ya fi sauƙi a unguwannin Hausawa, kamar Agege da Idi-Araba, inda akwai Sarkin Hausawa. Yana da kyau malamin hakimi ya rubuta sunan mai tafiya, da na wanda zai sauka wurinsa, da lambar wayar kowannensu, da watan da ya ce zai komo.