Kafin A Sayi Sabuwar Saba, A Karanta Dokokin Tsohuwar

A ce wata masana'antar fata a Challawa, ko ta roba a Sharaɗa, a Kano, tana bibiyar ayyukanta da manhaja irin Jira a kan sabarta ta cikin ofis. Rana ɗaya shafuka suka daina buɗewa da wuri, fanka na ta kuka, firosesa ta cika maƙil. Abin da manaja zai fara cewa shi ne injin ya tsufa. Sau da yawa ba haka ba ne.

Jira ta kamfanin Atlassian ce, wanda aka kafa a Sidni ta Ostareliya a 2002. A 2019 ya sayi Code Barrel, masu manhajar da ke ba mutum damar kafa doka mai aiki da kanta a cikin Jira. Kowace doka tana da abin da ke tada ta, da sharaɗin da take dubawa, da aikin da take yi. Misali, idan aka rufe katin gyaran janareta, a sanar da mai kula da sito.

Ɓarnar tana shigowa ne ta wajen abin da ke tada dokar. Wani ya ce ta farka duk lokacin da aka taɓa kowane kati a duk sassan kamfani. Ita kuma ta gyara katin, gyaran ya tada wata doka, waccan ta sake tado ta farko, kamar maƙwabta biyu da kowa ke jiran ya zama na ƙarshe a gaisuwa. Jira kan katse irin wannan zagayen idan ya yi nisa, amma ba ta hana dokar da ke binciken dubban katuna duk minti biyar, alhali sau ɗaya da dare ya wadatar. Wannan ta fi illa a ganina, domin babu kuskuren da take nunawa.

Bincike sai ya faro daga lokaci: yaushe nauyin ya fara, wace doka aka ƙara ko aka sauya ranar? Kundin tarihin dokokin yana nuna wadda ta fi yawan tashi da wadda ta fi jan lokaci. A Linux, umarnin top zai nuna ko Java, wadda Jira ke gudana a kanta, ita ce ke cinye firosesar. Idan ita ce, a duba ko ƙarancin ma'adanar wucin gadi ne ya sa take ta shara ba hutu. Daga nan a kashe dokokin da ake zargi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kashe su gaba ɗaya zai samu sauƙi, amma ba zai san mai laifi ba.

Gyaran bai da tsada: a taƙaita dokar ga sashenta, a sa sharaɗi mafi sauƙi a gaba, a rage yawan tashinta.

Sai dai a Kano a leƙa ɗakin sabar ma. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Firosesar da ta ɗau zafi takan rage gudunta da kanta, sai ƙaramin aiki ya cika ta, musamman idan KEDCO ta ɗauke wuta aka bar saba a kan inbata, na'urar sanyaya ɗaki kuwa a kashe.