Amsoshin Wasiƙunku: Wai Ana Iya Ƙara Zafin Ɗaki Daga Nesa?

Wani mai sauraronmu, mai kiwon kaji a Funtuwa, ya rubuto yana cewa ya ji wai a Amurka mutum na zaune a kasuwa zai ƙara ko ya rage zafin ɗakinsa da rubutu kawai. Shin gaskiya ne, ko labarin ƙanzon kurege?

To malam, gaskiya ne. Na'urar da ke wannan aiki sunanta tamostat, kuma ba baƙuwarka ba ce. Ita ce a cikin dutsen guga na lantarki, da firiji, da injin ƙyanƙyasar ƙwai, inda take tsare zafi a kusan digiri 37 da rabi. Zafi ya wuce inda aka ajiye, ta kashe. Ya sauka, ta kunna. Wani Ba'amurke, Warren Johnson, ya yi rajistar irin ta ɗaki mai aiki da lantarki tun 1883.

A 2011 ne kamfanin Nest ya fito da tasa mai haɗe da intanet, sannan a 2014 Google ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3.2. Wanda ya iya rubuta umarnin kwamfuta sai ya rubuta, alal misali, cewa kullum ƙarfe biyar na asuba a kai zafi digiri 21. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba wannan ba wasa ba ne, don ɗumama gida na cin kuɗi.

Amma fa ka lura, umarnin ba ya zuwa gidan kai tsaye. Sai ya biya ta manyan kwamfutocin Google tukuna, kamar dai yadda ciniki ke bi ta hannun dillali. Can za a duba mabuɗinka, wato wasu dogayen haruffa da ke mutuwa bayan awa ɗaya sai an sabunta, kafin a miƙa saƙon ga na'urar. In kuwa tana kan sanyayawa ka aika umarnin ɗumamawa, ba za a karɓa ba.

To a nan gizo ke saƙar. A 2019 Google ya sanar da rufe tsohuwar hanyar aika umarni, ya buɗe sabuwa a 2020 da kuɗin rajista dala 5, dole mutane suka sake rubuta nasu. A watan Oktoban 2025 kuma ya yanke ƙirar 2011 da ta 2012 daga intanet. Suna nan suna aiki, amma sai dai a murɗa da hannu.

Saboda haka malam, in za ka sayi tamostat don injin ƙwanka, tambayi mai shago ko tana aiki ba intanet. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, kuma a tsawon kwanakin nan ba ya jiran sabis ya dawo.