FARIN ƊIGO A JIKIN KIFI: ƘAƘA AKE MAGANINSHI?



Yau da yawa daga cikinku sun haɗa noman rani da kiwon kifi. Wani ya gina rami kusa ga lambu. Wani ya yi kwami na siminti cikin gida, ya zuba gargaza ko tarwaɗa. An kashe kuɗi wurin sayen ɗiyan kifi da abincinsu. To, akwai wata cuta da ke iya share kwami guda cikin 'yan kwanaki. Ta fi yawa lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ita ce cutar farin ɗigo. Maganinta gishirin miya ne. Amma sai an san awo, an kuma san yawan kwanakin da za a yi.

ƘAƘA AKE GANE TA?

Ku tsaya bakin ruwa da safe, lokacin ba da abinci, ku duba da kyau.

Kifi mai wagga cuta shina goga jikinshi ga bango ko ga ƙasa, kamar akuya mai ƙazwa. Shina rage cin abinci. Shina ware kanshi gefe guda. In kunka kama shi, za ku ga fararen ɗigo-ɗigo ga jiki, ga fiffike da wutsiya, kamar an barbaɗa mashi gishiri. Ɗigo guda bai wuce milimetir 1 ba. Jikin shina yin yauƙi fiye da yadda anka saba.

Ku ɗaga kunnen kifin, ku dubi jan naman da ke ƙarƙashi. Da shi ne kifi ke shaƙar iska cikin ruwa. In ƙwarin sunka cika wurin, kifi ba shi samun numfashi. Abin da ke kashe shi ke nan.

Kada ku haɗa wagga cuta da ƙarancin iska. In gargaza duka sunka taso bisa ruwa da asuba suna buɗa baki, rana na fitowa sunka koma ƙasa, to iska ce ta yi kaɗan. Ku rage abinci, ku sake ruwa. Tarwaɗa kuwa, tasowa shan iska halinta ne, ko tana lafiya.

MI KE KAWO TA?

Wani ɗan ƙwaro ne na cikin ruwa. Wani masani Bafaranshe, Fuke, ya bayyana shi tun shekarar 1876. Ba shi kama mutum, ba shi kama dabba, sai kifi.

Sau da yawa mu ne ke kawo shi da hannunmu. Shina zuwa tare da sabbin ɗiyan kifi. Shina zuwa ga jiƙaƙƙar koma da anka aro wurin maƙwabci, ko cikin bokitin da ya shiga wani ruwa. Kifin kogin Isa, ko na tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, shina iya ɗauke da ƙwari kaɗan bai nuna ba, don wurin da faɗi. Cikin kwami kuwa kifi sun matsu, ƙwaro ba shi wahalar samun na gaba.

Ɗari shina ƙara ɓarna. Gargaza kifin ruwa mai ɗumi ce. In sanyin ruwa ya sauka ƙasa ga digiri 20, tana rage ci, ƙarfinta shi ragu, ƙwaro shi samu hanya.

DOMI MAGANIN RANA GUDA BA SHI ISA?

Nan ne mutane ke yin kuskure. Ku karanta wurin nan sau biyu.

Ƙwaron shina da zama iri 3.

1. Zama na farko: shina ƙarƙashin fatar kifi, shina ci, shina girma. Shi ne farin ɗigon da kuke gani. Fata ta rufe shi, magani ba shi kai gare shi.

2. Zama na biyu: in ya ƙoshi, sai shi fita daga jikin kifi, shi faɗa ƙasan ruwa, shi lulluɓe kanshi. Cikin lulluɓin shina rarrabuwa. Ƙwaro guda shi zama ɗaruruwa, har su kai 1000.

3. Zama na uku: lulluɓin shi fashe, ɗiyan su fito suna iyo suna biɗar kifi. Ido ba shi ganinsu. In ba su samu kifi ba cikin kwana 2, sai su mutu.

Magani ya fi cin ƙwaron in ya bar jikin kifi, musamman ɗiyan nan masu iyo. Ƙwarin kuwa ba su fita rana guda. Wasu yau, wasu jibi, wasu gata. Cikin ruwa mai digiri 25, daga shigar ƙwaro har fitowar ɗiyanshi kwana 3 zuwa 6 ne. Cikin ruwa mai digiri 15, kamar kwana 10 ne. Don haka dole gishiri shi zauna cikin ruwa shina jiransu har na ƙarshe shi fito.

Na taɓa iske wani mai kwami da ya zuba gishiri daidai awo. Kwana 3 ya ga ɗigo ya ɓace. Ya yi murna, ya zubar da ruwan, ya cika da sabo. Sati bai cika ba ɗigo ya komo, ya fi na farko yawa. Ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce. Ƙwaro ne ya sauka ƙasa shina haihuwa.

AWON GISHIRI

Ku ɗauko alƙalami, lissafin da kunka koya ga karatun manya za shi yi aiki.

Awon shi ne garam 3 na gishiri ga litir 1 na ruwa. Cokalin shayi guda, shafaffe, garam 5 zuwa 6 ne.

Tano mai litir 200: garam 600.
Litir 1000: kilo 3.

Don sanin ruwan kwami, ku auna tsawo, da faɗi, da zurfin ruwan kanshi, ba tsayin bango ba. Misali: tsawo metir 3, faɗi metir 2, zurfin ruwa metir 1.

3 x 2 x 1 = 6. Wato litir 6000.
6 x kilo 3 = kilo 18 na gishiri.

Ku sa a auna muku gishirin bisa sikeli. Awon tiya ba shi da tabbas nan.

Ga yadda ake zubawa:

- Ku fara share ƙazantar ƙasan kwami, ku sake kashi 1 cikin 3 na ruwan.
- Ku raba gishirin kashi 3. Kashi guda da safe, guda da marece, guda wanshekare.
- Ku narkar da shi cikin bokiti tukuna, sannan ku watsa ko'ina.
- Ku bar shi kwana 14 lokacin ɗari, kwana 10 lokacin zafi. Ko ɗigo ya ɓace, ku cika kwanakin.
- Ku rage abinci da rabi. Wanda ba a ci ba ruɓewa shike, shi ɓata ruwa.

Ku riƙe wanga: rana tana shan ruwa, ba ta shan gishiri. In ruwa ya ragu don rana, ku ƙara ruwa kawai. In ku ne kunka zubar da litir 1000 kunka sa sabo, ku maida kilo 3.

In bayan sati guda ɗigo na ƙaruwa ga gargaza, ana iya kai awon garam 5 ga litir. Ita tana jure gishiri. Tarwaɗa da ƙananan ɗiya ba su kai ta juriya ba, ku tsaya ga garam 3 har ma'aikacin kiwon kifi shi duba.

Babban ramin ƙasa kuwa, mai metir 10 da 10, zurfi metir 1, sai kilo 300. Kuɗin sun yi yawa. Dabara nan ita ce a kame kifin da sunka isa ci, a maida ƙananan cikin kwami a yi musu magani, a busar da ramin har ƙasa ta tsage. Ƙwaron ba shi jure bushewa.

SAURAN ƘWARIN FATA

Akwai waɗansu ƙwari da sai da madubin likita ake ganinsu. Kifi na goga jiki, ga yauƙi, amma babu ɗigo. Su a bisa fata suke, don haka wankan gishiri na cinsu: garam 100 cikin bokiti mai litir 10, minti 20 zuwa 30. Ku gwada da kifi 3 ko 4 tukuna. Wanda ya fara kwanciya bisa gefe, ku fidda shi nan take, ku maida shi ruwa mai kyau.

Akwai kuma ƙwarƙwatar kifi. Faifayayya ce, girmanta bai cika wuce santimetir 1 ba, ido na ganinta. Tana yin ƙwai bisa itace da duwatsu. Ku kafa 'yan sanduna cikin ruwa. Kowane kwana 3 ku fidda su ku shanya ga rana, ku sa waɗansu.

ABIN DA BA A SA MA KIFI

Kanwa ba gishiri ba ce. Tana juya ruwa, ta ƙone jan naman kunne. Kantun dabbobi ma ku bar shi, gauraye shike. Farin gishirin miya shi kaɗai.

Maganin feshin wake, da na auduga, da na lambu, guba ne ga kifi, ko kaɗan ne. Kada a wanke famfon feshi kusa ga rami. Gidan sauro mai magani, kada a yi su da shi, kada a wanke shi cikin ruwan kifi.

Cikin birni ana saida maganin farin ɗigo don kifin ado, wanda ake ajiyewa cikin akwatin gilashi. Da yawa cikin irinshi suna da wani koren magani, malashit. Shina daɗewa cikin naman kifi. Ƙasashen Turai da Amurka sun hana a sa shi ga kifin da mutane za su ci. Kifin ado kallo ake yi. Namu tukunya za shi.

Ruwan da kunka sa ma gishiri, kada ku ba lambu shi. Shina kashe ƙasa, albasa da tumatir su lalace. Ku zubar da shi nesa da shuka da rijiya.

Kifin da ya mutu, ku fidda shi da wuri, ku turbuɗe. Kada a jefa shi cikin tabki.

RIGAKAFI

1. Sabon kifi baƙo ne. Ku sauke shi cikin tano ko ƙaramin kwami, shi kaɗai, kwana 21, kafin shi shiga cikin na gida.
2. Kowane kwami da komarshi da bokitinshi. Abin da anka aro, a shanya shi ga rana har shi bushe ƙayau.
3. Kada ku cika kifi da yawa wuri guda.
4. Lokacin ɗari ku rage kama kifi da ɗaukarsu daga wuri zuwa wuri. Ku kare kwami daga iskar hunturu da zana.
5. Bayan kamun ƙarshe, ku bar kwami busasshe sati guda kafin sabon zubi.

In kunka ga kifi na mutuwa ba ku gane dalili ba, ku kai ma ma'aikacin kiwon kifi na gundumarku guda 2 ko 3 masu rai, cikin ruwansu. Matacce ba shi nuna komi, don ƙwarin na barin jikinshi.

Ku karanta ma abokan aikinku da ba su samu karatu ba. Ku rubuta awon ga bangon kwami da gawayi: kilo 3 ga litir 1000, kwana 14.

Allah shi ba mu sa'ar kiwo.